Hedimasta a Kan Firij

Duk faɗin layin babu wanda ya taɓa jin Mai Guga ya ce "ban sani ba". Ka tambaye shi abin da ya sa mota ke tari, zai gaya maka. Ka tambaye shi abin da ya hana jariri barci, zai gaya maka, har ya ƙara da abin da ke damun uwar. Shi ya sa tuntuni aka daina kiransa da sana'arsa aka koma ce masa Na-Sani, shi kuma ya karɓi sunan hannu bibbiyu, don a zatonsa yabo ne.

Amma a faɗi gaskiya, in dai wanki da guga ne, ya iya. Shagonsa ɗan ƙarami ne, bango ɗaya ya raba su da Mai Aski. A ciki akwai tebur da aka shimfiɗa wa tsohon bargo, dutsen guga na wuta da na gawayi, doguwar kanta, da rediyo mai jona wa wuta a rataye a ƙusa. Duk kayan da ya goge sai ya ninke, ya ƙunshe a baƙar leda, ya maƙala guntun takarda mai sunan mai su da fil. Haka ya tarar mahaifinsa yana yi, kuma ko hankicin mutum bai taɓa ɓata ba.

Wata safiya yana guga, sai rediyo ta sako wani mutum mai taushin murya yana bayanin dabarar tuna abubuwa. Ya ce ka ɗauki gidanka, wanda ka san lungu da saƙonsa, ka shiga da idon zuci, duk abin da kake so ka tuna ka ajiye shi a wani wuri, ɗaya bayan ɗaya. Ya ce ka sa hoton ya zama abin dariya, domin ƙwaƙwalwa ta fi riƙe abin da ya ba ta mamaki.

"Sai dai akwai babban kuskure da ya kamata a kiyaye," in ji mutumin, "shi ne..."

Ɗif, aka ɗauke wuta.

"Ya isa," in ji Na-Sani. "Sauran na sani."

Nan take ya bi kanta yana cire takardu. Ya tattara su da gwangwanin fil ya fito ya juye a bola. Mai Aski, wanda ke zaune a ƙofar shagonsa yana jiran wuta ta dawo, ya bi shi da ido.

"Lafiya, Na-Sani? Ko ka bar sana'ar ne?"

"Na bar jahilci dai. Daga yau duk unguwar nan a kaina take." Ya ƙwanƙwasa goshinsa da yatsa.

"Na ji ƙarar," in ji Mai Aski. "Da alama akwai fili."

Na-Sani bai kula shi ba. Tsarinsa mai sauƙi ne, in ji shi. Ƙunshin farko a kanta na wanda ya tsayar a bakin ƙofar gidansa ne, na biyu na wanda ke kan kujerar falo, haka za a bi gidan har banɗaki. Ya rufe ido ya shiga rabon masauki. Hedimastan makarantar unguwa, dattijo mai shirin ritaya, ya ɗora shi a kan firij, sanye da baƙar kwat, yana lilo da ƙafafu. Nas ta asibitin bayan layi ya zaunar da ita a kan talabijin. Direban bas ya cusa shi cikin kabad. Mai Kemis ya zo a makare, wuri ya ƙare, sai ya tsugunar da shi a bokitin banɗaki.

Abin haushin, da farko dabarar ta yi aiki. Mutum zai shigo, Na-Sani ya rufe ido, ya ɗaga yatsa sama, ya juya ya zaro ƙunshi, a buɗe a ga daidai ne. Kai ya kumbura. Ya sa aka rubuta masa allo aka kafa a saman ƙofa: BA MA RUBUTAWA, BA MA MANTAWA.

"To shi wannan allon fa?" in ji Mai Aski. "Da baki aka zana shi?"

Da Na-Sani mai riƙe baki ne, da ƙila an zauna lafiya. Amma ina amfanin hikimar da ba a sani ba? Ranar da Mai Kemis ya zo karɓar farar rigarsa ta aiki, shago cike da mutane, Na-Sani ya rufe ido yana tafiya da baki.

"Mun wuce falo... mun wuce kicin... yawwa, ga ka nan a bokiti."

"A ina?"

"Bokitin banɗaki. Ka tsuguna, da soso a kanka."

Mutane suka tuntsire da dariya. Mai Kemis, mutum mai son girma wanda ko kan benci ba ya zama sai ya kaɗe, ya cire tabarau.

"Duk gidanka ka rasa inda za ka sa ni sai banɗaki? Wa ke falo?"

"Mai Faci."

"Mai Faci! Mai facin taya yana falo, ni ina bokiti? In ba ka mayar da ni falo ba yau, ba ka ƙara ganin rigata."

Dole Na-Sani ya rufe ido ya ciro shi, ya kai shi kujera, ya tura Mai Faci banɗaki. Kafin la'asar labari ya kai wa Mai Faci, ya zo da baƙin mai har gwiwar hannu yana tambayar laifin da ya yi. Washegari Nas ta ce ita ba za ta zauna a kan talabijin kowa yana kallonta ba. Direban bas ya ce kabad ba iska. Layi ya ɗauka. Mutane suka riƙa tsayawa a ƙofar shago ko ba su kawo wanki ba, su leƙo su ce, "Na-Sani, yau a ina na kwana?" Shi kuma yana ta sauya wa mutane masauki don kowa ya ji daɗi. Wani lokaci ya tuna ya sauya ƙunshin a kanta, wani lokaci hira ta ɗauke shi.

Ana cikin haka Mahauci ya zo. Ƙato ne, wuyansa kamar turmi, ba ya shiga hirar layi, saboda haka duk abin da ake ciki bai sani ba.

"Kayan maiɗakina na zo karɓa."

Na-Sani ya rufe ido, ya ɗaga yatsa.

"Maiɗakinka... ba ta falo... ba ta kicin... Yawwa! Tana kan gadona."

Mahauci ya matso kusa da tebur.

"Tana ina?" in ji Mahauci a hankali.

"Kan gadona. Ta miƙe ƙafa, da leshinta ruwan goro, tana shan rake." Har yanzu idonsa a rufe, yana murmushin gwaninta. "Tun ranar Litinin take can. Ni na ajiye ta da kaina."

Da ya buɗe ido, sai ya ga ƙafafunsa ba sa taɓa ƙasa. Mahauci ya ɗaga shi ta wuyan riga har kansa na gogar silin. Mai Aski ya shigo a guje da almakashi a hannu, wanda ake yi wa askin na biye da shi, rabin kai a aske, zane a wuya.

"Sauke shi, ɗan'uwa! A kansa take, ba a gidansa ba!"

"A kansa? Wannan ai ya fi muni!"

Da ƙyar, da rantsuwa, da shaidar Mai Kemis wanda ya ce shi ma ya yi zaman bokiti, aka fahimtar da Mahauci. Ya dire Na-Sani, yana huci.

"Fitar da ita daga ɗakin nan. Yanzu."

"An gama. Na kai ta bakin ƙofa."

"Matata ce za ta tsaya a ƙofar gidan wani kamar mai talla?"

"To kicin."

"Ta yi maka girki?"

Na-Sani ya share gumi. "To ina kake so, ranka ya daɗe?"

Mahauci ya yi tunani. "Falo. A babbar kujera. Ni ma ka sa ni kusa da ita, in ga abin da ke gudana."

"Ai Mai Kemis ne a wurin."

"Ya matsa."

A gida ma ba a tsira ba. Matar Na-Sani mace ce mai haƙuri, amma da ta je ɗebo ruwa a famfo ta ga mata na haɗa kai suna kallonta suna danne dariya, sai ta dawo ta dire bokiti ta tsare shi.

"Malam, wace ce a kan gadona?"

"Babu kowa, an tashe ta. Yanzu Nas ce."

"Nas!"

"Ke ba za ki gane ba, ilimi ne. Kuma don Allah tashi daga kujerar nan, kin zauna a cinyar Mahauci."

Ta yi zumbur ta miƙe, sannan ta ji haushin kanta da ta miƙe. Daga ranar ya kafa doka: kada a matsar da komai a gidan. Kada a ja kujera a share ƙarƙashinta. Kada a ɗora tukunya a kan firij, akwai dattijo a wurin. Kada a rufe kabad da ƙarfi. Da ta ga ƙura ta fara taruwa, ita kuma tana takawa a gidanta kamar baƙuwa, sai ta ɗauki waya ta kira mahaifiyarta.

Inna ta iso da hantsi, ana gobe bikin bankwanan Hedimasta, Na-Sani yana shago. Tsohuwa ce gajeriya mai zafin nama, irin wadda ba ta iya ganin tsintsiya a jingine. Ta shafa yatsa a tebur ta duba, ta ɗaure ɗankwali tamau. Kafin yamma firij ya bar falo ya koma kicin, gado ya juya ya kalli taga, kabad ya tsallaka ɗaya bangon, talabijin ta hau inda firij yake a da, babbar kujera kuwa an fitar da ita tsakar gida ta sha rana.

Da yamma Na-Sani ya turo ƙofa, ya tsaya cak. Ya ga surukarsa, ya durƙusa don gaisuwa, amma idonsa na kan bango.

"Inna, sannu da zuwa. An zo lafiya? Ina... ina Hedimasta?"

"Wane hedimasta, ɗan nan?"

"Na kan firij."

Inna ta dubi 'yarta. 'Yar ta dubi silin.

"Kujera fa? Wayyo, an fitar da Mahauci da iyalinsa rana! Inna, da kuka ja kabad, ba ku ji Direba ba?"

Inna ta matso ta dafa goshinsa da bayan hannu. "Ba zazzaɓi. Tun yaushe yake ganinsu?"

"Ya kwana biyu," in ji matar.

"Suna yi maka magana?"

"Inna, ba haka ba ne, dabara ce ta masana."

"Haka kawunku ya riƙa cewa kafin a kai shi asibiti," in ji Inna ga 'yarta. "Ɓoye wuƙaƙe."

Washegari Asabar, ranar da kowa ke karɓar kaya. Na-Sani ya buɗe shago da ƙarfin hali. Ya gaya wa kansa ai gidan da ke kansa daban, na ƙasa daban. Amma da ya rufe ido, sai ya ga firij biyu, ɗaya a falo ɗaya a kicin, Hedimasta ya raba ƙafa a kansu. Gado yana juyawa. Ga kuma Inna a tsakiyar hoton da tsintsiya, tana korar kowa.

Mai hankali da sai ya buɗe leda ya duba. Amma mutane sun cika ƙofa suna jiran wasan da suka saba gani, ga allo a sama. Na-Sani ya ɗaga yatsa ya shiga rabo, yana miƙa wa kowa ƙunshi da cikakken tabbaci. Mahauci ya karɓa ya wuce. Nas ta karɓa. Direba ya karɓa. Hedimasta ya shigo da sauri, da singileti a ƙarƙashin tsohuwar riga, ya ce a ofis zai sa kwat ɗin don kada ta yamutse a hanya, manyan baƙi sun fara isowa.

"Ka tabbata ita ce? Ita na sa ranar da na fara koyarwa, da ita nake so in yi sallama."

"Ranka ya daɗe, ko sunana na manta ba zan manta kwat ɗinka ba."

Ba a daɗe ba aka fara dawowa. Direban bas ne ya fara isowa, riƙe da farin siket na Nas a kan yatsa biyu, yana tambaya ko ta kai ake sa shi. Nas ta biyo baya da labulen wani. Mai Kemis ya buɗe nasa a nan ƙofar shago, sai ga kayan aikin Mai Faci, waɗanda ko an wanke ba sa yarda.

"Ƙaramin kuskure ne," in ji Na-Sani. "An ɗan samu ƙaura a gida."

Sai ga Hedimasta a guje, abin da layin bai taɓa gani ba, da leshi ruwan goro a hannu yana kaɗawa kamar tuta.

"A gaban mataimakina na buɗe! A gaban shugaban iyayen yara! Ina kwat ɗina?"

Na-Sani ya rufe ido.

"In ka ƙara rufe idon nan," in ji Hedimasta, "zan manta na yi ritaya daga bulala."

Ba a ma buƙaci ido ba, don kwat ɗin da kanta ta karyo kwana. Mahauci ne a cikinta. Ya buɗe ledar a rumfarsa ya ga baƙar kwat, ya ɗauka maiɗakinsa ce ta yi masa bazata, ya cusa kansa ciki da ƙyar, ya taho yana taku ɗaiɗai don layi ya gani. Hannayen sun tsaya masa a gwiwar hannu, maɓalli ɗaya ya riƙe don Allah.

"Kwat ɗina!" in ji Hedimasta.

"Leshin matata!" in ji Mahauci, ya miƙa hannu biyu zai fizge.

Ɓaaar! Bayan kwat ɗin ya rabe tun daga wuya har ƙasa.

Hedimasta ya zauna a bencin Mai Aski a hankali, ya dafe kai. Mahauci ya tuɓe rabi da rabi ya miƙa wa dattijon, murya ƙasa ƙasa: "Yi haƙuri, Baba. Na ɗauka tawa ce. Har na yi niyyar gode mata."

Sai ga Inna ta ratso taron. Ta biyo surukin nata ne da 'yarta don ta ga ko jikin ya yi sauƙi, ta tarar da layi a tsaye. Ba ta tambayi kowa ba. Ta sa aka fito da teburin guga tsakiyar titi, aka zazzage duk ledojin kanta a kai.

"Kowa yana da ido. Kowa ya ɗauki nasa."

Aka rufa wa tebur kamar kasuwar gwanjo. Mai Kemis ya zaro farar rigarsa, ya dubi Hedimasta, ya dubi rigar, ya yi ajiyar zuciya ya miƙa masa. Aka sa wa dattijon, ta zauna masa ɗas, har da biro a aljihu. Direba ya ce a hau bas ya kai shi. Tela na ƙarshen layi ya karɓi kwat ɗin ya ce zai haɗa ta, ba za a ga ɗinkin ba sai an zo kusa. Daga baya aka ji cewa jawabin ya yi kyau har wasu sun yi hawaye, sai dai bayan an tashi iyaye biyu sun tare Hedimasta suna tambayarsa maganin tari.

Da kowa ya ɗauki nasa, sai wando ɗaya ya rage a tebur. Tsoho ne, ruwan toka, gwiwa ta fito, ga faci a mazauni wanda ba kalarsa ba. Aka ɗaga aka tambaya, kowa ya ce ba nasa ba.

Nan Na-Sani ya ga ƙofar dawo da martaba. Ya karɓi wandon ya ɗaga sama, muryarsa ta dawo.

"Jama'a, ku tsaya ku ga aikin ilimi. Ko ba gida zan fito da mai shi. Ku dubi ƙugun: mai tumbi ne. Ku dubi tsawon: gajere ne. Ku dubi mazaunin: mutum ne mai yawan zama yana surutu. Kuma marowaci ne, don mai mutunci ba zai kawo wannan tsumma wanki ba, sai dai ya goge taga da shi. Yana cikinku, kunya ce ta hana shi magana. Fito, bawan Allah, ba za mu yi dariya ba!"

Mutane suka shiga kallon tumbin juna. Mai Faci ya tsuke nasa.

"Malam," in ji matarsa daga baya.

"Tsaya, ina aiki."

"Malam, naka ne. Ni na yi facin. Kai ka taho da shi da kanka ka ce za ka goge."

Na-Sani ya dubi wandon. Ya dubi facin. A hankali ya sauke hannu, ya ninke shi ƙanana, ya cusa a hammata.

Dariyar da aka yi har Mahauci sai da ya dafa bango. Da ta lafa, Mai Aski ya share hawaye ya ce, "Na-Sani, tambaya ɗaya don Allah. Duk rabon ɗakunan nan, kai a ina ka sa kanka?"

Na-Sani ya buɗe baki, amma Inna ta riga shi.

"Yau dai a tsakar gida zai kwana, shi da kujerar. Ɗauko teburin, ɗan nan, ka tare wa mutane hanya."